Ƙarfe mai tuna siffarsa: yana rage gogayya ne ko cinyewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniya ne mai kula da injuna, kuma abin da ya fi cin mana kuɗi shi ne sassan da ke cinyewa: boris, bushin, farfelar famfo. Na karanta cewa akwai wani gamin ƙarfe da ke komawa siffarsa ta asali bayan an lanƙwasa shi, wai idan aka lulluɓe saman ƙarfe da shi gogayya takan ragu, kuma ko ya karce yakan gyara kansa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a cika injuna da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Injiniya. Abin da ka karanta ya haɗa maganganu uku a buhu ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Batun rage cinyewa gaskiya ne, a wasu wuraren ma abin ya wuce yadda mutum zai zata. Batun rage gogayya kuwa, a mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Shi kuma gyara kai, lotsawa kaɗai yake gyarawa. Abin da ya riga ya gutsure ya bi mai, ya tafi ke nan.

Sai mun raba gogayya da cinyewa tukuna, domin a nan ruɗanin yake farawa. Gogayya ƙarfin da ke turjewa ne idan abu biyu suna zamewa a kan juna. Cinyewa kuma asarar naman ƙarfen ce. Sau da yawa tare suke zuwa, amma ba dole ba ne. Teflon zalla yana da santsi ƙwarai, ga shi da saurin cinyewa. Birkin mota kuwa da gangan aka yi shi ya yi gogayya mai yawa, kuma ana so ya daɗe bai ƙare ba. A 2017 masana biyu, Kenneth Holmberg da Ali Erdemir, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi yana tafiya ne a wuraren da sassa ke gugar juna: kashi 20 wajen rinjayar gogayya, kashi 3 wajen sake ƙera abin da ya cinye. Wannan ƙarfe da kake tambaya a kansa, a ɓangaren kashi 3 ɗin nan yake da abin cewa.

Gamin da aka fi sani shi ne na nikel da taitaniyom, kusan rabi da rabi idan aka ƙirga ƙwayoyin zarra, wanda ake kira Nitinol. William Buehler ne ya fara haɗa shi a 1959 a ɗakin binciken makamai na sojan ruwan Amurka da ke jihar Maryland, daga baya Frederick Wang ya taimaka wajen gano abin da ke faruwa a cikinsa. Akwai wasu gami na tagulla da na baƙin ƙarfe da manganis da suke da irin halin, sun kuma fi araha, amma na tagulla yana saurin tsagewa, na baƙin ƙarfe kuma dawowarsa kaɗan ce. Don haka in ana maganar cinyewa, kusan kullum Nitinol ake nufi.

Sirrinsa shi ne ƙwayoyin zarrarsa suna da tsari iri biyu. Idan da ɗumi suna jeruwa a wani tsari mai ƙarfi da ake kira ostenait. Idan ya huce, ko kuma aka danne shi da ƙarfi, sai su karkata zuwa wani tsari mai sauƙin lanƙwasa da ake kira matensait. Ka ɗauka mutane ne a sahu, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi, aka turo su daga gefe: duk sahun ya karkata, amma ba wanda ya saki hannun maƙwabcinsa, da an daina turi kowa ya miƙe a inda yake. A ƙarfe na yau da kullum, in turi ya yi yawa sakin hannu ake yi, kowa ya kama na gaba, kuma wannan ba ya warwaruwa.

Daga nan hali biyu suke fitowa. Na farko shi ne wanda ake nuna wa ɗalibai: a ɗauki waya miƙaƙƙiya mai sanyi, a nannaɗe ta a yatsa ta zauna a murɗe, a jefa ta cikin ruwan zafi, kafin ka ƙifta ido ta miƙe sambal. Na biyu, wanda shi ya fi shafar tambayarka, ba ya bukatar ruwan zafi ko kaɗan. Idan an daidaita gamin yadda zai kasance ostenait a yanayin da yake aiki, nauyin da aka ɗora masa shi ke mayar da wurin da aka danna matensait, da an ɗage nauyin sai ya koma. Ta wannan hanya yana iya miƙewa har kusan kashi 8 cikin 100 na tsawonsa ya dawo. Ƙarfen inji mafi kyau, kafin ya kai kashi 1 ya riga ya lanƙwashe har abada.

To yanzu mu sunkuya mu dubi fuskar boris ko bushin da madubin ƙara girma. Wurin da kake shafawa da yatsa ka ji sumul, tudu ne da kwari. Idan ƙarfe biyu suka haɗu, kawunan tuddan nan kaɗai ke taɓa juna, kuma duk nauyin a kansu yake sauka. Kowane zagaye na inji yana murƙushe su kaɗan. Murƙushewar tana taruwa, ƙananan tsagu su ɓullo a ƙarƙashin fuskar, su haɗu, wani ɗan ɓawo ya ɓalle. Ɓawon nan ya shiga tsakani ya zama abin karce na biyu. Tun 1953 J. F. Archard ya ba da lissafin da kowane ɗalibin wannan fanni ya haddace: yawan abin da ke cinyewa yana ƙaruwa da nauyi da nisan zamewa, yana raguwa da taurin ƙarfen. Shi ya sa maganin da kowa ya sani shi ne a ƙara tauri.

Nitinol ya bi wata hanya dabam. Taurinsa matsakaici ne, wajen 300 zuwa 400 a ma'aunin Vickers, alhali ƙarfen boris yana kai 700 zuwa 800. A lissafin Archard kamata ya yi ya cinye da sauri, amma a gwaje-gwaje da yawa, ciki har da waɗanda D. Y. Li da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a Jami'ar Alberta ta Kanada, an ga ya fi wasu ƙarafan da suka fi shi tauri jurewa. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba shi da tsauri irin na baƙin ƙarfe (tsauri shi ne ƙin lotsawa ko miƙewa a ƙarƙashin nauyi, tauri kuwa ƙin karcewa ne ko barin gurbi): ma'aunin tsaurinsa wajen gigafaskal 70 zuwa 80 ne a ostenait, ya sauko zuwa 30 ko 40 a matensait, na baƙin ƙarfe kuwa wajen 200. Abin da ba shi da tsauri yakan ɗan baje idan aka danna shi, wurin haɗuwa ya faɗaɗa, nauyin ya rarrabu, matsin da ke kan kowane tudu ya ragu. Na biyu, tuddan da suka kwanta suna sake tashi, don haka murƙushewar da ke taruwa ta haifi tsaga ba ta taruwa da sauri. A yau masu wannan fanni ba tauri kaɗai suke dubawa ba, suna duba tauri idan aka gwada shi da tsauri, wato iyakar yadda fuska za ta iya lotsawa ta dawo ba tare da ta ji rauni ba. A wannan ma'auni Nitinol yana gaba.

Inda ya fi nuna bajintarsa, kuma a nan nake ganin amsarka take, shi ne wurin da lalacewa ke zuwa ta hanyar duka ba ta hanyar yanka ba. Ka san yadda bayan farfelar famfo ke yin ramuka-ramuka kamar an sassaƙe shi, ko da ruwan ba yashi a cikinsa. Inda matsin ruwa ya faɗi ƙasa sosai, ruwan yakan yi ƙananan kumfa na tururi. Da sun isa inda matsi ya dawo sai su rufta. Kumfar da ta rufta a jikin ƙarfe tana harbo wani siririn tsinken ruwa da gudun da ya haura mita 100 a sakan, a wuri ƙanƙane ainun. Guda ɗaya ba ya komai. Miliyoyi a wuri guda su ke gajiyar da ƙarfen har ya fara zubewa. Nitinol yana karɓar kowane bugu ta hanyar sauya tsari, ya dawo, kuma a tafiya da dawowar nan yakan shanye wani kaso na ƙarfin bugun ya mayar da shi zafi. A gwajin irin wannan zaizaya yana cikin ƙarafan da suka fi kowa jurewa, ya zarce ƙarfe marar tsatsa da aka saba ƙera farfela da shi nesa ba kusa ba, yana kafaɗa da kafaɗa da gamin kobal masu tsada da ake yi wa injunan madatsun ruwa faci da su.

Amma santsi fa? Babu. Taitaniyom ya yi ƙaurin suna wajen manne wa abokin gugarsa, kuma Nitinol bai rabu da wannan gadon gaba ɗaya ba. Idan aka goga shi a bushe da baƙin ƙarfe, ma'aunin gogayyar yakan kai 0.5 ko ya haura, wato bai fi ƙarfe a kan ƙarfe ba. Likitocin gyaran jerin haƙora sun san wannan da kyau. Tun farkon shekarun 1970, bayan aikin George Andreasen a Jami'ar Iowa, suke amfani da wayar Nitinol saboda tana jan haƙori a hankali ba tare da ƙarfinta ya ragu da sauri ba, amma sananne ne a wurinsu cewa ta fi wayar ƙarfe marar tsatsa turjewa a cikin maƙallan da ake liƙa wa haƙora. Kai, abubuwan nan biyu da suke kare shi daga cinyewa ma suna iya ƙara gogayya: wurin haɗuwa mai faɗi yana ba da ƙarin filin mannewa, kuma ƙarfin da yake shanyewa a kowane zagaye daga injinka yake fitowa. Wuri ɗaya da ake ganin raguwa ta gaske shi ne idan nauyi kaɗan ne kuma yawancin gogayyar daga huɗar da abu mai tauri ke yi a fuska take fitowa. Tunda fuskar tana kwantawa ta tashi maimakon ta huɗu, wannan kason yana raguwa. In santsi kake nema, mai da giris da lulluɓin kabon mai kama da lu'ulu'u sun fi shi nesa.

Akwai kuma sharaɗin da masu talla ba su cika faɗa ba, wato zafi. Halin nan na lotsawa da dawowa yana aiki ne a cikin wani ɗan tsakani na zafi, 'yan digiri gomomi sama da inda gamin ya gama zama ostenait. Duk ƙarin digiri 1 yana ƙara matsin da ake bukata kafin tsarin ya sauya da kimanin megafaskal 6 zuwa 8. Ka lissafa: zafi ya ƙaru da digiri 50, matsin ya ƙaru da 300 zuwa 400. Ana haka har a kai inda ya fi wa ƙarfen sauƙi ya lanƙwashe irin na kowa da ya sauya tsari, daga nan ya zama ƙarfe mai matsakaicin tauri kawai, mai tsadar banza. Matsalar ita ce gogayya da kanta zafi take haifarwa, a daidai kan tuddan da ake bukatar halin, kuma Nitinol ba ya watsa zafi da kyau. Bai kai rabin ƙarfen boris ba a wannan. Shi ya sa sakamakon da aka samu a ɗakin gwaji da ɗan nauyi da tafiyar hawainiya ba ya nuna abin da zai faru a bushin da ke juyawa da gudu a bushe. A cikin famfo kuwa ruwa yana kwashe zafin, wanda wannan ma wani dalili ne da ya sa can ya fi karɓarsa.

Yashi ma ba abokin wasansa ba ne. Ƙwayar yashi tana da tauri sama da 1000 a ma'aunin Vickers, ga kaifi. Abu mai kaifi yana tara matsi a wuri guda har ya wuce kashi 8 ɗin nan, ya yanka. A nan Archard ne da gaskiya, a nemi tauri.

Wannan ya kawo mu kan gyara kai. An yi gwaji mai sauƙin fahimta: a danna ƙwallon ƙarfe a kan Nitinol da ke matensait har ya bar gurbi, sannan a ɗumama shi. In gurbin bai yi zurfi ba, kusan duka yake shafewa. A sake gwajin da tsinin lu'ulu'u mai kusurwa, abin da ke dawowa bai kai rabi ba, domin a ƙarƙashin tsinin an riga an yi sakin hannun nan. Ka ga ke nan abin da ake kira gyara kai iyakarsa lotsawa mai laushi. Karce mai zurfi yana raguwa ne kawai. Kuma ko dawowar ma tana gajiya: in ana maimaita lotsawa mai yawa, kowane zagaye yana barin ɗan saura, musamman a zagayen farko-farko.

Dabaru biyu sun fi burge ni a binciken da ake yi, duk da cewa har yanzu sun fi zama a ɗakin gwaji. Masu bincike na kamfanin General Motors da Jami'ar Jihar Michigan, a shekarun 2000, sun gwada sa siririn Nitinol a tsakanin ƙarfe mai laushi irin alminiyom da lulluɓi mai tauri na sama. Lulluɓi mai tauri a kan abu mai laushi yakan fashe idan ƙasansa ya lotsa. In akwai abin da zai karɓi lotsawar ya dawo a tsakani, na saman yana daɗewa. A nan an raba aiki yadda ya dace: na sama ya ba da tauri da santsi, na tsakiya ya ba da juriya. Dabara ta biyu daga wurinsu ita ce fuska mai sauya kama. An daɗe da sanin cewa ƙananan ramuka da aka tsara a fuska suna riƙe mai su kuma ɓoye ɓarɓashi, dalilin da ya sa ake barin zane a cikin silinda ke nan. Su kuma sun nuna cewa in aka danna gurabe a Nitinol ta wata hanya, sannan aka goge fuskar ta zama sumul, ɗumi yana sa ƙananan tudu su ɓullo, sanyi ya sa su koma. A ƙa'ida ke nan ana iya samun fuskar da gogayyarta ke sauyawa da zafin inji. Tunani ne mai kyau, amma ba abin da za ka yi odarsa gobe ba ne.

Wanda ya fi kusa da kasuwa ɗan'uwan Nitinol ne da ake kira 60NiTi, mai nikel kashi 60 cikin 100 a nauyi maimakon 55 na Nitinol da aka saba. Tun zamanin Buehler aka san shi, aka ajiye shi saboda wuyar sarrafawa. Christopher DellaCorte da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Glenn ta hukumar NASA da ke Cleveland su suka farfaɗo da shi a shekarun 2000 don yin boris. Idan aka gasa shi aka sanyaya da sauri, taurinsa yana kai 56 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell, daidai da ƙarfen boris, amma tsaurinsa wajen gigafaskal 95 ne, ƙasa da rabin na baƙin ƙarfe. Ba ya tsatsa, maganaɗisu ba ya kama shi, ya fi baƙin ƙarfe rashin nauyi da kusan kashi 15 cikin 100, kuma saɓanin gamin taitaniyom na yau da kullum, yana karɓar man inji lafiya lau. Abin da NASA ke gudu shi ne jijjigar tashin roka, wadda ke sa ƙwallayen boris su buga gurabe a hanyarsu tun kafin na'ura ta fara aiki. Kai ma ka san ƙugin boris da aka buga da guduma wajen sakawa. An ƙera irin wannan boris an gwada shi don na'urar tace fitsari ta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ruwan ke da tsami mai cin ƙarfe. Sai dai ka lura da abu biyu. An daidaita 60NiTi ne yadda ba zai riƙa sauya siffa da zafi ba, domin ba wanda ke son boris mai sauya girma. Juriyar lotsawa aka ɗauka, aka bar tuna siffar. Sannan a ƙarƙashin nauyi mai yawa na dogon lokaci, ƙarfen boris mai tsafta har yanzu ya fi shi daɗewa kafin ya fara ɓarewa.

Me ya hana a cika injuna da shi? Tsada tana ciki, amma wahalar sarrafawa ta fi. Taitaniyom yana kwaɗayin iskar oksijin da kabon, don haka sai a murhun da aka zuƙe wa iska ake narka shi. Gamin kuma ba ya yafe kuskure: sauyin nikel na kashi 0.1 cikin 100 kacal yana matsar da zafin sauya tsari da kusan digiri 10. Yankansa a kan inji yana cinye baƙin wuƙa. Mafi muni ga mai son lulluɓi, ba ya shiri da walda a kan baƙin ƙarfe: inda suka narke tare, taitaniyom da baƙin ƙarfe suna haɗa wani abu mai gautsi da ke tsagewa, kuma ɗan baƙin ƙarfen da ya shiga cikin lulluɓin yana rusa daidaiton gamin. Shi ya sa ake neman hanyoyin da ba sa narka na ƙasa sosai, kamar mannawa da ƙarfin fashewar nakiya, ko sa wani ƙarfe a tsakani kafin a bi da leza. Siririn lulluɓin da ake fesawa a ɗakin da ba iska kuma yakan fito ba shi da tsari, sai an gasa shi a wajen digiri 500 kafin ya sami halinsa, zafin da zai kashe taurin ƙarfen boris ɗin da ke ƙarƙashinsa.

Saboda haka ga yadda zan bi da kayanka. Ɗauki sashen da ya lalace ka dube shi da kyau kafin ka yi tunanin kowane gami. In layuka ka gani dogaye a jere, datti ne ke shiga. Gyara matatar mai da robar da ke toshe bakin boris ya fi maka komai. In ƙarfe ne ya manne ya yage, ga alamar ƙuna shuɗi-shuɗi, mai ne bai isa ba ko zafi ya yi yawa, kuma Nitinol a nan ƙara dagula lamarin zai yi. Boris na yau da kullum da ke cikin mai mai tsafta ba shi da bukatarsa sam. Amma in ramuka ne a bayan farfela alhali ruwan ba yashi, ko gurabe a hanyar boris daga duka da jijjiga, ko boris da ke aiki cikin ruwan gishiri ko sinadari yana tsatsa, to ka shigo yankinsa. Ko a farfelar ma, fara duba ɓangaren da famfon ke zuƙo ruwa, domin sau da yawa bututu ne ya yi ƙanƙanta ko famfon ya yi nisa da ruwan, kuma hana kumfar tasowa ya fi jure mata araha.

In kuma wani ya kawo maka tallar lulluɓin Nitinol, nemi ya nuna maka a rubuce zafin da gamin nasa ke gama zama ostenait, ka gwada shi da zafin da sashenka ke aiki a ciki. Ka tambaye shi kaurin lulluɓin da abin da ya sa a tsakaninsa da ƙarfen ƙasa. Sannan ka duba wane gwaji aka yi cikin na ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kaya: G32 na zaizayar kumfa ne, G65 na yashi ne, G99 na zamewa ne, kuma sakamako mai kyau a ɗaya ba ya zama shaida a ɗayan. In ya amsa waɗannan, a lulluɓe farfela guda ɗaya, a sa ta aiki kusa da irin wadda kuka saba, a auna nauyin kowace kafin a ɗaura da kuma lokacin da aka kwance su don gyara na gaba.